Mai Share Ɗakin Sambo

Idan zan je duba gonata ta bayan gari, ta gefen makarantar koyon sana'ar da na yi nake bi. Ba son hanyar nake yi ba yanzu, ƙafata ce ba ta iya dogon zagaye. Shirun wurin ne yake damuna. A da, tun kafin ka hango katanga kunnenka ya riga ka isa makarantar: zarto yana cin katako, guduma tana sauka a kan ƙarfe, injin walda yana tartsatsi, wani malami yana ɗaga murya don a ji shi a cikin hayaniyar. Yanzu sai ka wuce da hantsi, ranar karatu, ka ji kukan kurciya yana fitowa daga babban ɗakin injuna. Kwanakin baya na leƙa ta taga. Injunan suna nan a jere inda na san su, an lulluɓe wasu da tsofaffin buhuna kamar marasa lafiya. Can ƙurya wasu 'yan yara ƙalilan suna zaune suna kwafar hoton zarto da malaminsu ya zana musu a allo.

Daga Katagum aka kawo ni Azare, ina ɗan saurayi, a bayan motar ɗaukar gyaɗa. Mahaifina manomi ne, idan kogi ya kawo kuma ya taɓa kamun kifi. Bai san komai a kan boko ba, amma ya ji cewa a wannan makaranta ana koya wa yaro aikin hannu a kuma ba shi takarda, sai ya ce wannan ita ce ta yi masa. A lokacin sai an yi dace ake samun gurbi. Akwai sashen kafinta, da na kanikanci, da na walda, da na lantarki, da na gini. Ni gini aka ba ni. Kwana muke yi a makarantar. Da an idar da asuba mu ne jan ruwa a rijiya muna cika randunan siminti, mu ne tankaɗe yashi, mu ne ɗaukar bulo a ka har wuyanmu ya sage. Malaminmu na gini mutumin Dambam ne, gajere, mai ƙaramar murya, Malam kawai muke ce masa. Ba ya duka. Idan ka jera bulo ya karkace, sai ya zo ya tsaya, ya sa tafin hannu ya ture shi a hankali, ya wuce. Kullum yana gaya mana cewa kada wanda ya zauna cin abinci bai wanke cokalin gininsa ba, kuma duk wanda zai kwana a ɗakin da ka gina ya ba ka amanar ransa ne ko bai san sunanka ba. Har yau ba na iya cin tuwo da kayan aikina a bushe da kwaɓi.

A bayan ajinmu akwai wani fili mai faɗi da ya miƙe har bakin daji. A nan muke gwajin gini. Ba da siminti muke kwaɓi ba, da farar ƙasa da yashi ne, don idan an gama dubawa a rushe a kankare bulon a ba 'yan baya. Saboda haka filin kullum cike yake da abubuwan da ba su da kai: bango tsaye shi kaɗai da taga a jikinsa, babu ɗaki a bayansa, matakala da ta hau sama ta tsaya a iska, ƙofa da za ka shiga ka fita duk a fili ɗaya. Mu da muka gina su ba ma ganin komai. Amma mutanen gari kufai suke kiran wurin, ko da yake ba a taɓa zama a cikinsa ba. Mata masu itace ba sa ratsawa ta nan idan rana ta take, sukan ce gini babu mai shi ba ya zama haka nan, akwai masu shiga. Mu kan yi musu dariya. Duk da haka na tuna idan aka aike ni ɗauko shebur ni kaɗai da tsakar rana, inuwar tagogin nan tana kwance a ƙasa, iska tana wucewa ta cikinsu da wani ɗan sauti, sai in ga ina sauri ban san dalili ba.

Wanda gadonsa yake kusa da nawa shi ne Sambo, ɗan Fulani daga wata ruga ta wajen Itas. Dogo ne, ba shi da yawan magana. Ni nake jin Fillanci ta wajen mahaifiyata, shi ya sa muka shaƙu. Abin da na sani game da gidansu kaɗan ne: mahaifinsa ya rasu, shanun sun ƙare, mahaifiyarsa tana kawo nono kasuwar Azare ranar Lahadi, shi kuma yakan je ya same ta can. Ban taɓa bin sa ba. A ajinmu babu mai hannunsa. Malam bai taɓa ture masa bango ba.

A shekararmu ta ƙarshe, da bazara, aka ba kowa jarrabawar hannu. Wasu aka ce su yi matakala, wasu bango mai kusurwa. Sambo aka ce ya tayar da ƙaramin ɗaki, da ƙofa da taga, har inda rufi zai hau. Ya yi shi a can ƙarshen fili wajen daji. Mukan je mu tsaya mu kalla kawai. Yana gamawa da 'yan kwanaki ya tashi da ciwon kai, kafin yamma wuyansa ya sanƙare. Shekarar an yi sanƙarau sosai. Aka kai shi asibiti, daga can danginsa suka ɗauke shi. Ba a yi nisa ba labari ya zo cewa Allah ya yi masa rasuwa. Muka yi masa addu'a a masallacin makaranta, aka naɗe katifarsa.

Da masu duba jarrabawar suka gama, Malam ya ce a rushe. Muka rushe namu duka, muka kankare bulo muka jera. Ɗakin Sambo ne babu wanda ya iya ɗaga masa hannu, Malam ma ya yi kamar ya manta. Sai ya rage shi kaɗai a tsaye a filin, babu rufi.

Wata Litinin da safe wani ɗan ajinmu ya dawo daga can fuskarsa a sauye, ya ce mu zo mu gani. An share cikin ɗakin tas. Ba sharar ɗalibai ba, irin sharar mata ce, wadda tsintsiya ke barin zane a ƙasa layi bayan layi, an kuma yayyafa ruwa. A kan tagar an ajiye 'yar ƙaramar ƙwarya rufe da faifai. Da aka ɗaga, nono ne a ciki, ya kwana. Babu wanda ya taɓa. Maigadi ya rantse bai ga kowa ba, amma shi ma ranar Lahadi kasuwa yake tafiya kamar kowa, makarantar takan zama wayam. Litinin ta gaba haka muka sake tararwa: sabuwar shara, an ɗauke tsohuwar ƙwarya an ajiye wata.

Ba mu muka fitar da maganar ba. Masu itace ne suka ce sun hangi wata doguwar mace da baƙin zane a tsaye a ƙofar ɗakin da rana tsaka, ba ta motsi. Nan da nan gari ya ɗauka. Aka ce Doguwa ce, aljanar nan da wasu ke kira Inna, wadda ake cewa Bafillatana ce mai yawo da ƙwaryar nono, idan ta taɓa mutum sai jikinsa ya shanye. Aka ce ita ta ɗauke Sambo, kuma ta tare a ɗakin da ya gina mata, saura na gaba. A ɗakin kwananmu aka daina kallon gadonsa. Wani yaro ɗan sashen kafinta ya yi zazzaɓi, kafin a ce me, kawunsa ya zo ya tafi da shi. Daga nan iyaye suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, wasu daga Zadawa, wasu daga cikin gari, kowa da uzurinsa, wai ana bukatar yaro a gona.

Malam ya kira ni ya ce ranar Lahadi kada in je kasuwa. Ya ce idan mutum ne, to da alama mai jin Fillanci ne, shi kuma ba ya ji. Ban tambaye shi idan ba mutum ba ne fa, amma ya ga tambayar a fuskata. Ya ce mu yi alwala mu tafi.

Muka zauna a bayan tarin bulo tun hantsi. Zafi ya yi zafi, ko tsuntsu ba ya kuka. Rana ta zo tsaka, inuwa ta shige ƙarƙashin komai. Ban ga shigar kowa ba, wataƙila ta wajen daji aka zo. Sauti kawai na fara ji: shar, shar, shar, a hankali, daga cikin ɗakin. Na yi shekaru masu yawa a duniya, na ga abubuwa, amma ban sake jin abin da ya tsorata ni kamar wannan sharar ba. Malam ya miƙe, bakinsa yana motsi. Na bi shi don tsoron zama ni kaɗai ya fi tsoron tafiya.

Tana duƙe ta ba mu baya. Da Malam ya yi sallama sai ta miƙe a hankali, ta yi ta miƙewa kamar ba za ta gama ba, domin doguwa ce ƙwarai. Baƙin zane, siraran hannaye, tsintsiya a dama. Ta juyo. Fuskar Sambo ce sak, sai dai ta tsufa. Akwai zufa a goshinta.

Na buɗe baki da ƙyar na gaishe ta da Fillanci, na ce mata Inna, yadda ake ce wa uwa. Sai da kalmar ta fita na tuna da wadda gari yake kira haka. Ta amsa a natse, ta tambaye ni ko ni ne na Katagum. Na ce ni ne. Ta ce ya ba ta labarina. Ta ɗauko sabuwar ƙwaryar da ta ajiye a kan taga ta miƙo mini. Na dubi Malam, ya gyaɗa kai. Na kafa kai na sha. Kindirmo ne mai sanyi, babu abin da ya same ni.

Ta ce wata Lahadi kafin ya kwanta, Sambo ya jawo ta daga kasuwa ya kawo ta nan ya nuna mata. Tun rasuwar mahaifinsa yake ce mata zai gina mata ɗakin da ruwa ba ya shiga. Ni na tabbata abin da ya ce shi ne, irin wannan zai gina mata. Ita kuwa abin da ta ji shi ne, wannan ne. Sai ta dubi Malam ta ce da ni:

“Tambaye shi yaushe za a sa rufin. Hadari ya fara haɗuwa a gabas.”

Na faɗa wa Malam. Sa'an nan ya ce in gaya mata gaskiya: ginin gwaji ne, babu siminti a ciki, ba zai ɗauki rufi ba, kuma doka ce a rushe shi. Na juya mata maganar, ina tauna kowace kalma. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗora tafin hannunta a bangon, ta shafa layin da ke tsakanin bulo da bulo.

“Amma shi ya yi,” in ji ta.

Na ce shi ya yi, Inna, shi kaɗai.

“To kada ku sa hannu. Ku bar wa ruwa.”

Malam ya ce ya yi alkawari. Daga baya na ji shugaban makaranta ya yi masa faɗa a kan bulon, amma bai janye ba. Ta ci gaba da zuwa duk Lahadi. Mu da muka sani mukan gaishe ta daga nesa mu bar ta. Malam ya tara ɗalibai ya yi bayani, ya je har masallacin unguwa ya yi bayani. Wasu suka yarda. Wasu suka ce ai dama haka take bayyana, da siffar wanda aka sani. Labarin shan nonona ya kai Katagum kafin ni. Mahaifiyata ta aiko da rubutun sha cikin gora, ta ce in dawo gida. Mahaifina ya ce in shanye rubutun in zauna in gama abin da ya kai ni.

Ruwan farko bai yi wa ɗakin komai ba. Na biyu ne ya zo da iska, da safe muka tarar bango biyu a ƙasa, na ukun ya jingina. Ranar Lahadi na tsaya ina jiranta, don kada ta gani ita kaɗai. Ta zo ta tsaya ta daɗe tana kallo. Ta zubar da nonon a gindin abin da ya rage, ta ɗauki rabin bulo ta sa a ƙwaryar, ta aza a ka, ta bi hanyar daji ba ta waiwayo ba. Ba ta sake zuwa ba. Bayan mun gama makaranta ni da wasu abokai biyu muka yi shawara mu je mu tayar mata da ɗaki na gaske, ko na ƙasa ne. Muka je wajen Itas muna tambaya har aka nuna mana inda rugar take. Mun tarar sun tashi. Sai da'irar bukkoki a ƙasa da toka. Wani manomi da ke kusa ya ce da farkon damina suka yi kudu, bai san inda suka nufa ba.

Wannan tsoron bai kashe makarantar ba. Ya rage mata ɗalibai na ɗan lokaci, sa'an nan ta sake cika, har ta fi da. Na yi aiki shekaru a ma'aikatar ayyuka, daga baya na koma gina wa mutane gidaje, kuma duk inda na shiga a ƙasar Katagum sai na tarar da ɗan makarantarmu, ko yana haɗa wuta ko yana buga rufi. Abin da ya cinye ta daga baya ba shi da siffa, ba wanda ya hange shi a tsaye a bakin ƙofa. Inji ya lalace aka ce za a kawo kayan gyara, ba a kawo ba. Wuta ta zama sai an gan ta. Tsofaffin malamai suka yi ritaya, waɗanda suka zo bayansu wasu ba su taɓa kunna injin da suke koyarwa ba, ba kuma laifinsu ba ne. Uba ya duba ya ga idan aikin hannu yake so ɗansa ya koya, gara ya kai shi garejin bakin titi, inda aƙalla akwai motar da za a kwance. Yaro kuma ya duba ya ga sa'ansa ya hau babur yana kabu-kabu, kullum da abin sawa a aljihu, shi ana ce masa ya jira shekaru. Ga kuma abin da mu kanmu muka gani a wurin aiki: kai da takardar sana'a ka tsufa a inda aka ajiye ka, yaron da ya fito jami'a jiya ya zo ya zauna a samanka. Yaranmu suna kallo, ba sai an gaya musu ba. Akwai wani ɗan kasuwa mutumin kudu da ya daɗe a garin nan yana sayar da kayan gini, mun saba sosai. Ya ce da ni yanzu idan mai gida ya sayi tayil a wurinsa, sai ya haɗa masa da mai sawa daga wata ƙasa, a biya masa mota da masauki. Ya tambaye ni ina yaranku. Na ce suna nan, suna neman aiki.

Ina da jika, ɗan 'yata Hajara da ke aure a nan Azare. Yaron ba ya ganin abu a lalace ya wuce. Ya gyara mini fitila, ya gyara wa kakarsa keken ɗinki ba wanda ya nuna masa. Da ya isa shiga babbar sakandare, uwarsa ta zo gaishe ni, sai na kawo maganar makarantarmu. Na ce ko a yadda take, akwai sauran malamai biyu uku da na san hannunsu, sauran kuma ni zan cika masa a gida. Sai ta ce ita dai ta ji ana cewa wurin ba lafiya, wai akwai wata mata da aka binne a cikin bango tun zamanin da, tana fitowa da rana. Haka labarin ya koma a bakin mutane. Na zaunar da ita na ba ta shi tun daga farko, yadda na ba da shi a nan. Ta saurara har ƙarshe, har ta share ido da bakin mayafi.

Sai ta ce, “Allah ya jiƙansu. Amma Baba, ko babu aljana. Idan ya gama, me za a riƙa kiransa?”

Na ce, “Abin da ake kirana. Birkila.”

Ta sunkuyar da kai ta ce ba haka take nufi ba. Na ce na sani. Haka take nufi, kuma ban ga laifinta ba. Tana ƙarama ita ce take kawo mini ruwan ɗumi idan na dawo aiki, ta zauna tana cusa man kaɗanya a tsagar da siminti ya yi mini a ƙafa, tana tambayata ko da zafi. Ta san aikin nan ta inda ni ban san shi ba. Mijinta ya kai yaron makarantar kuɗi, wai likita zai zama. Da yaron ya zo yi mini sallama da sabbin kayansa na sa masa albarka, na riƙe hannunsa na ɗan jima kafin na saki.